Wa Ke Biyan Kuɗin Waya, Mai Bugawa Ko Mai Ɗauka?

Tun da Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, watau NCC, ta yarje wa kamfanonin waya su ƙara kuɗi har kashi 50 cikin ɗari a watan Janairu na 2025, ya kamata 'yan'uwanmu mazauna Ikko da Badun da Fatakwal su sake duba wata tsohuwar magana. In mutum ya buga waya gida Jalingo don ya gai da iyayensa, shin akwai abin da ake cirewa daga aljihun wanda ya ɗauka?

A bisa ƙa'ida dai babu. Tsarin ƙasar nan tun zamanin wayar gida mai igiya shi ne mai bugawa ke biya. Ba ko'ina haka take ba, gama a Amurka an daɗe ana lissafa wa mai wayar hannu mintocin da aka kira shi, a Indiya kuwa sai a 2003 aka daina. Amma fa duk wanda ya taɓa riƙe wayar gida a zamanin NITEL ya san ƙa'ida daban, abin da ke zuwa a takardar bil daban.

An kafa NITEL a 1985, bayan an haɗe sashen tarho na Ma'aikatar Gidan Waya da kamfanin NET mai kula da kiran ƙasashen waje. Lokacin nan Jalingo tana cikin Jihar Gongola. Sai ran 27 ga Agusta 1991 ta zama hedkwatar Jihar Taraba, ma'aikata suka kwararo, neman layi mai lamba 079 ya ƙaru. Layin kuwa ba ya samuwa da sauƙi, don kafin 2001 duk layukan da ke aiki a Nijeriya ba su kai rabin miliyan ba. Saboda haka gida guda mai waya shi ne na unguwa duka: ɗa ya bugo daga Kudu, a aiki yaro ya kira uwarsa daga maƙwabta. Gidaje da yawa har kwado suke sa wa wayar, ana ɗauka amma ba a bugawa. Duk da haka wata na ƙarewa sai bil ya zo da nauyi, maigida ya ce lalle an caje shi kiran da aka yi masa ne.

Galibi ba haka ba ne. Akwai kuɗin hayar layi, wanda ake biya ko an taɓa wayar ko ba a taɓa ba. Akwai kuma kiran da mai ɗauka ke biya da yardarsa, wanda ake yi ta hannun mai haɗa waya: zai tambaya ko an yarda a ɗauki nauyin kiran, kuma da Turanci zai tambaya. Yaro ko tsohuwa ta amsa da "yes" don ladabi, shi ke nan kuɗin ya hau kan gidan.

Amma babbar ƙofar ita ce satar layi. Igiyar waya tana bi ta kan turaku da akwatunan bakin titi, wanda ya san aikin yana iya jona tasa a kan ta wani, ya sayar wa mutane kiran Ingila ko Saudiya, mita kuwa tana ƙirga wa mai layin. Jaridun wancan zamani sun sha kawo irin wannan kuka, har da zargin hannun wasu ma'aikata. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne bil ɗin yawanci jimla kawai yake nunawa, ba lambar da aka kira, ba rana, ba sa'a. To da me mutum zai yi gardama? In ya ƙi biya a yanke layi, wanda ya sha wuya kafin ya samu. Nan ne zaluncin yake, kamfani shi ne mai awo, shi ne kuma alƙali.

Wayar hannu ta GSM ta zo a watan Agusta na 2001, NITEL ta yi ta ja da baya ana sayarwa ana fasawa, har kamfanin NATCOM ya karɓi kadarorinta a 2015. Sai dai maganar ba ta mutu tare da igiyar ba, ta ma fi zama gaskiya yanzu.

Wanda ya kira gida ta WhatsApp yana ganin ya yi arha, alhali shi da wanda ya ɗauka duka suna ƙona data, in da bidiyo ne kuwa abin ya fi yawa. Tsohon da aka saya wa data kaɗan sai ya ga ta ƙare bai kira kowa ba. Har ila yau Taraba tana iyaka da Kamaru, kuma ɗan kasuwar da ya tsallaka da layinsa na Nijeriya, in an buɗe masa amfani a waje, ana iya cajinsa a kan kiran da ya amsa. Haka nan wanda ya karkatar da kiransa zuwa wata lamba, shi ke biyan wannan karkatarwa.

Bambancin da aka samu shi ne yanzu akwai wurin kai kuka. Mutum zai fara da kamfanin layinsa, ya nemi bayanin abin da aka cire masa filla-filla, ya kuma riƙe lambar ƙorafin da za a ba shi. In bai gamsu ba sai ya buga 622, layin NCC, wanda ba a biyan ko kwabo a kansa.