Fashin makaranta a Birnin Kudu da Gwaram: a duba rajista tukuna

Birnin Kudu ba baƙon boko ba ne. A kwalejin gwamnati ta garin Aliko Dangote ya kammala sakandare a 1978. Amma wanda ya leƙa firamaren ƙauyukan ƙaramar hukumar, ko na Gwaram, da ruwan farko ya sauka, zai tarar da aji mai sunaye cike da rajista, benci kuwa da sauran wuri.

Waɗannan yaran ba su cikin lissafin marasa zuwa makaranta, domin an rubuta sunansu. Suna zuwa Litinin, su ɓace Talata, su dawo bayan sati biyu an wuce su. Fashin kuma yana da lokacinsa, kowane hedimasta ya san shi. Zango na uku yana faɗawa kan shuka da noman farko. Zangon farko, daga Satumba zuwa Disamba, shi ne kaka: yankan gero, cirar gyaɗa, kaɗe riɗi, ɓarar zoɓo. Ranar da kasuwar Sara ke ci, 'yan mata da yawa suna can da farantin talla. Uban da ba shi da kuɗin 'yan ƙwadago, ɗansa ne ɗan ƙwadagonsa, kuma ba ƙin karatu ya sa shi ba.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara tara kyauta, ta tanadi gargaɗi ga iyayen da suka saɓa, sannan tarar Naira 2,000 ko ɗaurin wata guda idan aka maimaita. Mu a ganinmu barazana ba za ta cika aji ba. Wa zai ɗaure manomi a tsakiyar damina?

Abin da muke nema daga gwamnatin jiha ta Malam Umar Namadi da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha (SUBEB) bai kai gina sabon aji tsada ba. A riƙa kiran suna da safe da kuma bayan tara, a tattara alƙaluman kowane wata a ofishin ilimi na ƙaramar hukuma. Yaron da ya yi kwana uku ba a gan shi ba, sunansa ya isa ga mai unguwa da kwamitin kula da makaranta kafin Juma'a. A kuma ba makarantun karkara damar sassauta lokacin shiga aji a makonnin shuka da girbi, a rama darasin da rani. Dakatar da ciyar da ɗalibai da gwamnatin tarayya ta yi a Janairun 2024 shi ma yana da hannu a fashin, don yaron da bai karya ba da wuya ya kai tashi.

Rajistar malamai ma a buɗe ta. Iyaye sukan ce, ɗan da ya taka kilomita uku ya tarar ba malam, gobe gona za su tura shi, kuma ba mu ga laifinsu ba.