Syukuro Manabe: Ma'aikacin gwamnatin da ya hango ɗumamar duniya tun 1967

Duk lokacin da hukumar NiMet ta fitar da hasashen damina, ko cibiyar AGRHYMET da ke Yamai ta gargaɗi manoma kan fari, akwai gumin wani dattijo ɗan asalin Japan a cikin wannan lissafi. Sunansa Syukuro Manabe, kuma mafi yawan aikinsa da albashin gwamnati ya yi shi.

An haife shi a 1931 a lardin Ehime. Ya kammala digirin digirgir a Jami'ar Tokyo a 1958, a shekarar kuma Joseph Smagorinsky ya gayyace shi hukumar hasashen yanayi ta Amurka. Sashen nasu ne daga baya ya zama cibiyar GFDL da ke Princeton, ƙarƙashin hukumar NOAA.

Aikinsu shi ne mayar da iska da zafin rana da tururin ruwa zuwa lissafin da kwamfuta za ta iya sarrafawa. Kwamfutocin zamanin ba su kai wayar da ke hannunka ƙarfi ba.

A 1967, shi da Richard Wetherald suka nuna cewa idan iskar kabon ta ninka sau biyu, zafin doron ƙasa zai ƙaru da kusan digiri 2.3, amma can ƙololuwar sararin samaniya za ta yi sanyi. Da rana ce ke ƙara zafin, da sama da ƙasa sun ɗumama tare. Awon da aka yi daga baya ya gaskata su. A 1969 kuma shi da Kirk Bryan suka haɗa teku da iska a lissafi guda. Sai a 2021, yana da shekara 90, aka ba shi kyautar Nobel.

Mu mutanen Sahel mun ci moriyar irin wannan aiki. Bayan farin shekarun 1970, ra'ayin da ya yi tashe shi ne yawan kiwo da sare itatuwa ne suka kori ruwa, aka ɗora laifi a kan makiyayi da manomi. Binciken Chris Folland da abokan aikinsa a Birtaniya a 1986, da na Alessandra Giannini a 2003, sun nuna cewa sauyin zafin tekuna ne babban dalili.

Babu ɗan kasuwar da zai biya mutum albashin shekara da shekaru yana lissafin da ba ya kawo riba a ƙarshen wata. Gwamnati ce kaɗai ke iya wannan haƙuri. Shi ya sa kasafin da gwamnatin Trump ta gabatar a 2025, mai neman rushe sashen bincike na NOAA, ya shafe mu har gida.

Gaskiya ne har yau lissafin masana ya saɓa kan makomar ruwan Sahel: wasu na nuna ƙaruwa, wasu raguwa. Maganin wannan shi ne ƙarin tashoshin awon ruwan sama da masana na gida da za a bar su su zauna a kan aiki guda. Najeriya da Nijar su ware wa NiMet da jami'o'insu kuɗin bincike na dogon zango, domin wanda ya dogara da tukunyar maƙwabci, ranar da aka rufe ƙofa zai kwana da yunwa.