Ruwa Ba Ya Tsami Banza

Tun farkon shekarun 1950, sa'ad da gwamnati ta buɗe gonar kifi a Panyam ta ƙasar Filato, a ke ta kiran mutanenmu su yi kiwon kifi kamar yadda su ke kiwon awaki da kaji. An daɗe ana kira kafin a amsa. Yanzu kuwa an amsa, kuma cikin masu amsawa har da malaman ofis da malaman makaranta da dama, waɗanda suka tsame daga albashinsu, ko suka ci bashi, ko suka zuba kuɗin sallamarsu, suka gina tafkin siminti a bayan gida, suka zuba 'ya'yan karfasa. Wannan abin yabo ne. Amma akwai wani kuskure guda da mu ke so mu ja hankalinsu a kansa tun bazara ba ta kankama ba, gama kuskure ne na masu himma, shi ya sa ya ke da wuyar ganewa.

Ga yadda abin ya ke. Yawancin kifin da a ke kiwo a Nijeriya tarwaɗa ce, saboda haka yawancin abincin kifin da ke kantuna dominta aka haɗa shi. Sai mai karfasa ya je kanti, ya duba buhuna, ya ga an rubuta 45 a jikin wannan, 30 a jikin wancan. Lambar nan ita ce yawan sinadarin gina jiki, watau furotin, cikin kowane kashi 100 na abincin. Sai ya ce a ransa, ai araha ba ta ado, ya ɗauki mai 45 mai tsada, ya koma gida yana murna ya kyauta wa kifinsa. Alhali kuwa karfasa da ta tasa ba ta bukatar wannan. 'Ya'yanta sababbin ƙyanƙyasa lalle su kan so wajen kashi 40 zuwa 45. In sun kai tsawon yatsa, wajen 35 ya ishe su. In kuwa sun girma ana jiran su kai kasuwa, tsakanin 25 da 32 ne haddinsu. Ƙasar Masar, wadda ta fi kowace ƙasa a Afirka noman karfasa, har tana fid da fiye da tan miliyan ɗaya a shekara, da irin wannan matsakaicin abinci manomanta su ke ƙosar da ita.

To, in hasarar kuɗi ce kaɗai, da sai mu ce kowa da aljihunsa. Abin tambaya shi ne, ragowar furotin ɗin nan da jikin kifi bai ɗauka ba, ina ta ke zuwa?

Malamai mutanen lissafi ne, bari mu yi shi tare. Cikin furotin akwai wani sinadari da a ke kira naitirojin, wajen kashi 16 cikin 100 na nauyinsa. Buhu mai kilo 15 da aka rubuta wa 45 yana ɗauke da furotin kilo 6.75, watau naitirojin giram 1,080. Buhu mai 30 kuwa furotin kilo 4.5 ne, naitirojin giram 720. Abin da kifi ke mayarwa tsoka cikin wannan ba ya cika wuce sulusi ba, sau da yawa ma rubu'i ne. Sauran duk cikin ruwa ya ke komawa, kaɗan ta hanyar kashi, mafi yawa kuwa a matsayin amoniya. Kowa ya san amoniya ko da bai san sunanta ba: ita ce warin nan mai hawa kai da a ke ji a akurkin kajin da ba a share ba, ko inda fitsari ya kwana. Kifi yana fid da ita ta jan naman nan mai kama da haƙoran matsefi da ke ƙarƙashin marfin kunnensa, wanda da shi ne kuma ya ke shan iska cikin ruwa. Ɗan Adam in ya yi bawali ya kan tashi ya bar wurin. Kifin tafki ba shi da inda za shi, a nan ya ke kwana, a nan ya ke numfashi.

Kuma ba a bukatar mai yawa. Giram ɗaya tak na amoniya mai dafi cikin ruwa lita 10,000 ya isa ya fara rage wa karfasa cin abinci da girma. In ya kai wajen giram 20 cikin wannan ruwan, sai a fara kwasar gawa. Ku gwada wannan da giram 360 ɗin nan da ke tsakanin buhunan biyu.

Mun ce mai dafi, domin amoniya cikin ruwa kama biyu gare ta, ɗaya mai sauƙin cuta, ɗaya mai kisa, kuma tana juyawa daga wannan zuwa waccan bisa ga halin da ruwan ke ciki. Masana suna da ma'auni da su ke kira pH, mai nuna ko ruwa ya karkata wajen tsami ko wajen kanwa. Lamba 7 ita ce tsakiya, abin da ya haura ta ya nufi kanwa. In zafin ruwa ya kai digiri 30, a kan lamba 7 mai dafin ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba. A kan 8 ta kai wajen kashi 7. A kan 9 kuwa ta kusa rabi. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza, to a nan sai mu ɗan yi wa magabata gyara, gama ruwan kifi kanwa-kanwa ya ke yi kafin ya yi ɓarna. Tafkin da ya yi kore shar da gansakuka, lambarsa ta kan hau da rana yayin da tsiron ke aikinsa cikin hasken rana, ta sauka da dare. Don haka tafkin da aka auna da asuba aka ga lafiya lau, yana iya zama guba da la'asar, ba tare da an ƙara masa kome ba. Ranakun Maris da Afrilu da Mayu su ne mafi hatsari a ƙasarmu, ga zafi, ga ƙarancin ruwan canji, ga tsadar man injin ban ruwa.

Abin da ya fi ba mu tausayi shi ne abin da mai tafki ya kan yi in ya ga alama. Kifi ya rage ci, yana taruwa a bakin famfo, yana tasowa sama yana haki. Sai maigida ya ce yunwa ce ko rashin ƙarfi, ya ƙara abinci, watakila ma ya nemo wanda ya fi na da tsada. Abincin ya nutse ya ruɓe, ya ƙara amoniya bisa amoniya. Kunnen kifin ya kumbura, shan iska ya gagara, jiki ya yi rauni, sa'an nan cututtukan da da ba su iya masa kome ba su samu ƙofa. Daga nan sai a tafi sayen magani, a ɗora wa mai sayar da iri laifi, ko a ce sammu ne.

Kada wani ya karanta wannan ya ce ashe dusa ta wadatar. Furotin na dusar masara da ƙyar ya ke wuce kashi 10, kuma karfasar da aka tsare cikin siminti a kan dusa zalla za ta tsumbure, ta kasa jure ko da ƙaramar wahala. A tafkin ƙasa ne a ke iya sassautawa, domin can tana kiwo da kanta cikin ƙananan tsirrai da ƙwarin ruwa. Masu haɗa abinci a gida kuma su sani yawan lamba ba shi ne kyau ba. Ƙuliƙuli yana da furotin fiye da kashi 40, amma akwai waɗansu sassa na gina jiki da ya gaza a kansu, in kuwa sashe ɗaya ya gaza, jiki ba ya iya ginawa da sauran, sai ya ƙone su ya zubar amoniya. Shi ya sa a ke gauraya shi da waken suya da aka gasa ko aka dafa, da ɗan garin kifi, a sa masara ko dawa domin ƙarfi, gama karfasa tana amfana da hatsi fiye da kifaye masu cin nama. Ƙuliƙulin da ya yi fumfuna kuwa a zubar, yana da dafi mai lalata hanta.

In alamun nan sun bayyana, abin yi na fari ba ya cin ko kwabo: a tsai da abinci kwana ɗaya ko biyu. Karfasa ba ta mutuwa don azumin kwana biyu. A zubar da wani kashi na ruwan daga ƙasa inda dauɗa ta kwanta, a zuba sabo. Kada a zuba toka ko kanwa ko farar ƙasa a wannan hali da nufin gyara ruwa, kada kuma a ƙara kashin kaji. In kifi ya dawo hayyacinsa, a riƙa ba manya abin da bai wuce kashi 2 zuwa 3 cikin 100 na nauyinsu ba a yini, a raba sau biyu ko uku, a tsaya a ga sun cinye. Da hunturu a rage, don in ruwa ya yi sanyi ƙasa da digiri 20 cin su ya kan ja baya ƙwarai. A kuma lura da yawansu, gama karfasa uwar haihuwa ce, tafkin da aka zuba wa 500 maza da mata ba ya daɗewa bai cika da 'ya'ya ba, kowane ɗa kuwa da nasa fitsarin.

Muna roƙon ma'aikatun gona na jihohi su ba malaman gona 'yan kwalaben awon amoniya da na pH, su kuma umurce su su riƙa zagaya tafkuna da la'asar maimakon da safe. Akwai cibiyar binciken kifin ruwan daɗi a New Bussa, kusa da madatsar Kainji, ya kamata abin da ta sani ya iso ga mai tafki ɗaya cikin Hausa, a takarda guda da zai liƙa a bango. Masu kantin abincin kifi kuma su riƙa tambayar mai saye wane kifi ya ke kiwo kafin su miƙa masa buhu.

Malaman makarantun da ke da tafki, ga darasin lissafi da na kimiyya a ƙofar ajinku. Ku sa yara su auna ruwan da ƙarfe 7 na safe da ƙarfe 4 na yamma har mako guda, su rubuta a allo. Ruwan da aka zubar kuma a ja masa lambatu zuwa lambun makaranta, domin naitirojin ɗin da ke kashe karfasa shi ne a ke saye cikin buhun taki a zuba wa alayyafo da masara.