Bakan da Ke Ɓoye Cikin "Arc"

Ɗalibin da aka ce ya haddace cewa "arc" wani yanki ne na da'ira zai iya cin jarrabawa ba tare da ya san abin da kalmar ke nunawa ba. Asalinta "arcus" ne na Latin, ma'ana baka, irin wanda maharbi ke ɗanawa, kuma ta Faransanci ta shiga Ingilishi. Daga wannan tushe ne "archer", wato maharbi, ya fito. Har gobe Bafaranshe na kiran bakan gizo "arc-en-ciel", bakan sama ke nan.

Da wannan siffa kalmar ta yaɗu. An kira tafiyar rana daga gabas zuwa yamma da ita. A farkon ƙarni na 19, Humphry Davy ya nuna hasken lantarki yana tsallakawa tsakanin sandunan gawayi biyu, iska mai zafi na ɗaga tsakiyarsa har ya lanƙwashe. Sunan ya bi shi har rumfar masu walda. A 1965 Martin Luther King ya siffanta tarihi da doguwar hanya mai karkata zuwa ga adalci, da wannan kalma dai.

Larabawa ma da "ƙaus", wato baka, suke kiran wannan yanki a lissafi. Don haka malami ko mai fassara da ya ari "arc" ɗungurungum ya yi asara, domin Hausa na da kalmar tun fil azal. A ce wa yaro "baka", nan take zai ga lanƙwasar, ya kuma gane layin da ya haɗa bakinta biyu, tun da ya san tsirkiya.