Alli da Allo: Alama ɗaya, ma'ana ɗaya

Duk malamin da ya taɓa zaman gyaran takardun BEPC a nan Garwa ya san ba a ɗaukar jan biro sai an zauna an daidaita yadda za a ba da maki. In ba haka ba, yaro ɗaya zai ci a hannun wannan malami, ya faɗi a hannun wancan.

Abin da ya tuna mini wannan shi ne wani tsohon ɗalibina da ke karatun kwamfuta a Jami'ar Ngaundere. Ya nuna mini wasu manhajoji masu duba rubutun shirin kwamfuta su tono kurakurai tun kafin a kunna shi. Kakansu shi ne lint, wanda Stephen Johnson ya rubuta a Bell Labs ta Amurka a 1978. Ana yi musu umarni ne da 'yan kalmomi masu karan ɗori a gaba.

To, ga inda gizo ke saƙa. In kana son manhaja ta kau da kai daga wani irin kuskure, Pylint sai ka ce mata --disable, Flake8 kuwa --ignore, ShellCheck --exclude, Cppcheck kuma --suppress. Aiki ɗaya, suna huɗu! Biyun farko ma harshe ɗaya suke dubawa, wato Python. Yaron ya ce rabin lokacinsa a neman sunan umarni yake ƙarewa, ga kuɗin intanet na ta zuba.

Ba wai babu ƙa'ida ba ne. Tun 1992 tsarin POSIX ya tsara yadda za a rubuta umarni mai harafi ɗaya, mutanen GNU kuma suka yaɗa doguwar kalma mai kara biyu. Sai dai an daidaita siffa, an bar ma'ana, kowa na yanka mudunsa.

Mu 'yan Kamaru mun san wannan ciwo, domin yaranmu na koyon bugu a kan AZERTY, su tsallaka Yola su tarar da QWERTY.

Shawarata ga 'ya'yanmu masu wannan karatu: in Allah ya sa kun ƙera taku manhajar, ku duba sunayen da na gaba suka sa, ku bi wanda aka fi sabawa da shi, kuma kada ku sauya shi tsakar tafiya. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.