Raddi Ga Masu Cewa Ungozoma Ta Matalauta Ce

Akwai wata magana da ta zauna daram a bakin 'yan boko da masu hali na biranenmu, cewa duk mai son matarsa ba zai bar ungozoma ta karɓi haihuwarta ba, sai dai ƙwararren likitan mata. Masu faɗin haka ba mugunta ce ta sa su ba, tsoro ne, kuma tsoron yana da tushe: a ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya mata kusan 82,000 suka rasu a Najeriya a 2020 sanadin ciki da haihuwa, sama da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya. Sai dai kyawun niyya ba ya gyara hujja, kuma hujjojinsu da sauran bayani. Ungozomar da nake karewa ita ce wadda ta yi makaranta, ta ci jarrabawa, Hukumar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Najeriya ta ba ta lasisi.

Hujjarsu ta farko ita ce likita ya fi ilimi, don haka hannunsa ya fi aminci ga kowace mai ciki. Rabin farko gaskiya ne. Wanda ya yi shekara shida a makarantar likitanci, ya ƙara wasu shekarun yana ƙwarewa, ya san abin da ungozoma ba ta sani ba. Amma ilimin me? Ilimin cikin da ya zo da matsala ne, da tiyata, da ciwon da ya haɗu da juna biyu. Ita kuwa ungozoma an horar da ita ne a kan ciki mai lafiya, da zama da mai naƙuda awa bayan awa, da gane lokacin da abu ya fara kaucewa hanya. Galibin haihuwa daga wannan kashin take, waɗanda ke gamuwa da babbar matsala kimanin 15 ne cikin 100.

Kuma ba a bar maganar ga ra'ayi ba, an gwada. Nazarin Cochrane na 2016 ya tattara gwaje-gwaje 15 da suka ƙunshi mata sama da 17,000 a Birtaniya da Ayilan da Kanada da Ostireliya. Matan da ungozoma ta riƙe tun daga awo har jego sun fi kuɓuta daga ƙari da ciro jariri da ƙarfe, kuma ba a ga mutuwar jarirai ta ƙaru ba. A Ingila an bi haihuwa wajen 64,000 ta mata marasa matsala, aka wallafa sakamakon a 2011: ɗakunan haihuwa da ungozomomi ke gudanarwa ba su gaza sashen likitoci ba wajen lafiyar jariri, sun kuma fi ƙarancin tiyata. Ingila dai ba ƙasar da ta rasa likitoci ba ce, balle a ce talauci ya tilasta mata.

Za su ce wannan can ne, inda motar asibiti ke zuwa cikin mintuna. Madalla, to mu dawo gida. Zubar jini bayan haihuwa ne kan gaba wajen kashe masu jego. A 2023 aka fitar da sakamakon gwajin E-MOTIVE da aka yi a asibitoci kusan 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kan mata sama da 200,000, kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero tana cikin jagororinsa. Me aka yi? An shimfiɗa wa mai jego wata leda mai ma'auni da ke tara jinin, don a daina kintace da ido. Da zarar ya kai iyaka sai a haɗa komai lokaci guda: murza mahaifa, allurar oksitosin, maganin tsayar da jini, ƙarin ruwa, da duba inda jinin ke fitowa. Mummunar zubar jini da abin da ke biyo ta suka ragu da kusan kashi 60 cikin 100. Hannayen da suka yi yawancin wannan aiki na ungozomomi ne. Haka ma jijjiga: allurar magniziyam salfet ba ta tambayar wane ne ya riƙe sirinjin, tana buƙatar a gano hawan jinin da wuri ne a kuma ba da ita a kan ƙa'ida. Ga farfesar likitancin mata da kanta tana ƙarfafa hannun ungozoma, mu kuma muna zaune a falo muna raina ta.

Hujja ta biyu ita ce mai nauyi, ba zan yi mata riƙon sakainar kashi ba. Suka ce haihuwa ba ta da tabbas, ciki mai lafiya yakan rikiɗe cikin rabin awa, kuma ungozoma ba ta tiyata. Haka ne. Ko a binciken Ingila ɗin, sama da kashi ɗaya cikin uku na masu haihuwar fari sai da aka mayar da su sashen likitoci, kuma haihuwar fari a gida ta fi haɗari ga jariri. Wadda aka taɓa yi wa aiki, da mai 'yan biyu, da mai hawan jini ko ciwon suga ko sikila, da wadda mabiyiya ta tare mata bakin mahaifa, da wadda ɗanta ya kwanta a gicciye, da yarinyar da ƙugunta bai gama buɗewa ba, duk waɗannan na likita ne tun farko, kuma ungozomar kirki ita ce farkon mai faɗa musu haka. Abin da hujjar ta tabbatar shi ne dole a samu likita da ɗakin tiyata da jini a bayan ungozoma, a kusa. Ba ta tabbatar da cewa likitan ne zai zauna a gefen gadon kowace mace ba. Wanda ya taɓa kwana a barandar ɗakin haihuwa ya san ko a asibitin kuɗi, mai zama da matarsa daren nan sista ce, likita sai an kira shi.

Sai ta uku, wadda sukan faɗa a takaice: ai tiyata yanzu ba komai ba ce. Ba komai ba ce ga wadda ke buƙatarta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2015 cewa in tiyatar haihuwa ta haura kashi 10 cikin 100 a al'umma, ba a ganin mutuwa ta ƙara raguwa. A Barazil fiye da rabin haihuwa ta tiyata ce. Ga matar da ke fatan 'ya'ya shida ko bakwai, kamar yawancin matanmu, kowane tabo a mahaifa bashi ne da ciki na gaba zai biya. Mu kam matsalarmu biyu ce a haɗe: a birni wata na shan wuƙa ba dalili, a ƙauye wata na kwana uku tana naƙuda ba ta samu ba, ta ƙare a asibitin Babbar Ruga da yoyon fitsari.

Abin da ya fi damuna da wannan ra'ayi shi ne bai yi lissafi ba. Ana haifar jarirai sama da miliyan 7 a shekara a Najeriya, ƙwararrun likitocin mata kuwa sun taru a manyan asibitoci irin na Malam Aminu Kano da na Shika. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna a Arewa maso Yamma waɗanda suka haihu a asibiti ba su kai 20 cikin 100 ba. Matar Ɓaure ko Gummi ba tsakanin ungozoma da likita take zaɓi ba, tsakanin ungozoma ne da tsohuwar unguwa mai rubutu da reza. Duk lokacin da mai faɗa a ji ya ce ungozoma ba ta isa ba, mijin wannan matar abin da yake ji shi ne zuwa asibitin garinsu ɓata lokaci ne. Ƙasar Suwidin ta rage mutuwar masu jego ƙwarai tun ƙarni na 19 ta hanyar baza ungozomomi masu horo a karkara, tun kafin a san maganin kashe ƙwayoyin cuta da ƙarin jini. Shirin tura ungozomomi karkara da gwamnatin tarayya ta fara a 2009 wannan hanyar ya nufa, sai rashin biyan alawus da rashin masauki suka ci ƙarfinsa.

Don haka maigidan da matarsa ta fara awo, maimakon tambayar wa zai karɓi haihuwar, ya tambayi sistar: akwai mai kwana a nan da dare? Kuna da oksitosin da magniziyam, ko sai an je kemis? In abu ya ɓaci ina kuke turawa, tafiyar minti nawa ce, kuma da wace mota? Sannan ya san rukunin jinin matarsa, ya yi magana da 'yan'uwa biyu da za su iya bayarwa tun cikin yana wata bakwai.