"Ai Dubawa Kawai Ya Yi": Haƙƙin Mai Duba Wutar Gida

  

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan karo shi ne wata tambaya da mahaifin wani ɗalibina ya yi mini a ƙofar makarantarmu a nan Kano, bayan an tashi daga karatun yamma. Mutumin mai gyaran wutar lantarki ne, mai zaman kansa, ba shago ba ubangida. Jakar kayan aikinsa ita ce shagonsa. Wani dillalin gidajen haya ne ke kiransa duk sa'ad da ɗan haya ya tashi, don ya duba wayarin gidan kafin sabo ya tare. Ya ce da ni: "Malam, jiya gida bakwai aka ba ni in duba tsakanin hantsi da magariba. Abin da aka ba ni a kan kowane gida, in na cire kuɗin adaidaita sahu, ko rabin kwanon masara ba zai saya ba. Na shiga kowanne na kunna fitila na kashe, na ce lafiya lau. Kuɗin nan halal ne?"

Na ba shi amsar da ba ta da wuya a bakin malami: ka ji tsoron Allah, ka kyautata aikinka. Sai ya yi shiru, can ya ce in da hali in raka shi ranar Alhamis, tunda babu makaranta, in ga yadda ake duba gida ɗaya tak yadda ya kamata. Na raka shi, kuma tun daga ranar nake jin kunyar wannan amsa, domin rabin gaskiya ce na faɗa wa mai rauni, na bar ɗaya rabin da ya kamata a faɗa wa mai ƙarfi.

Gidan ɗaki uku ne da falo. Da farko ya yanke wuta daga mita, ya buɗe akwatin da ke rarraba ta, ya bi layukan ɗaya bayan ɗaya. Ya nuna mini cewa kowace waya da nauyin da take iya ɗauka: mai lamba 1.5 ta fitilu ce, mai 2.5 ta soket, mai 4 ko 6 kuwa ta irin su murhun lantarki ce da manyan na'urori masu jan wuta. Idan aka ɗora siririyar waya a bayan babban fiyus, wayar za ta yi zafi har robarta ta narke a cikin bango, fiyus ɗin kuwa yana nan bai san abin da ake ciki ba. Ya kankare bakin wata waya da wuƙa, sai ga cikinta fari: alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe a sama. Ya kwance soket-soket ɗin gidan kaf, domin kusa ɗaya da ta yi sako-sako ta isa ta haifar da zafin da zai kama labule. Ya fito da na'urar da suke kira mega, wadda ke tura bolt 500 cikin waya don a gane ko robarta ta fara yoyo. Na'urar ma ba tasa ba ce, hayarta yake yi. Ya bi wayar da ya kamata ta sauka zuwa sandar ƙarfen da ake binnewa a ƙasa, wadda ke janye wuta in ta kauce hanya kafin ta bi ta jikin mutum, sai muka tarar ta ƙare a cikin bango, ba a haɗa ta da komai ba. Ya duba makunnin da ke sauya gida daga wutar gari zuwa janareta, wanda in an haɗa shi ba daidai ba yana iya mayar da wuta kan layi ya kashe wani bawan Allah da ke aiki a kan falwaya. Daga ƙarshe ya hau cikin silin da tsakar rana, ƙarƙashin kwano mai zafi, cikin ƙura da kashin ɓera, ya ciro wani mahaɗin wayoyi da aka naɗe da leda. Mun shiga da ƙarfe tara, ba mu fito ba sai da aka kira azahar.

To, mai karatu, ka yi lissafi da kanka. Awa huɗu sau bakwai awa ashirin da takwas ke nan, dare da yini kuwa gaba ɗaya ashirin da huɗu ne. Wanda ya ba mutum gida bakwai a yini bai ɗauke shi aikin dubawa ba. Kalmarsa ta "lafiya lau" ya saya, a farashi mai arha, don ya samu abin faɗa wa ɗan haya, ya kuma samu wanda zai nuna da yatsa in gobara ta tashi.

Kada mu jibga laifin a kan dillalai kaɗai, domin cutar tamu ce duka. Mu mutane ne da ba ma ganin aiki sai wanda ya bar alama. In mai gyara ya ɗaura fanka, mun ga fanka tana juyawa, sai mu biya. In ya shafe awa huɗu yana bincike ya ce ga inda haɗari yake, sai mu ce "ai dubawa kawai ya yi", mu miƙa masa "na mota". Alhali a asibiti muna yankar kati mu biya kuɗin ganin likita ko da ya ce lafiyarmu ƙalau, ba mu taɓa cewa ya dawo mana da kuɗi tunda bai yi mana allura ba. Abin dariya ma, wannan mutum da muke sallama da canji, "Injiniya" muke kiransa.

Malaman fiƙihu ba su bar wannan babi a buɗe ba. Ijara ciniki ne na amfani, kuma sani da ƙwarewa da lokacin mutum duk amfani ne da ake biya a kansu. Daga sharuɗɗan ingancinta akwai a san aikin, a kuma san ladan tun kafin a fara. "Zo ka ɗan duba mana, ba za mu ɓata ba" ba ta ayyana aiki ba, ba ta ayyana lada ba. In kuwa aka riga aka yi aikin a haka, abin da ya wajaba shi ne ujratul misli, wato abin da masana sana'ar suka san ana biya a kan irinsa, ba abin da ya rage a aljihun mai gida ba. Ibnu Majah ya ruwaito umarnin Annabi, Sallallahu alaihi wa sallam, na a biya ma'aikaci tun guminsa bai bushe ba. Bukhari ya ruwaito daga Abu Huraira, Allah Ya yarda da shi, cewa cikin mutum uku da Allah da kanSa zai yi husuma da su ranar ƙiyama akwai wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya karɓi aikinsa cikakke, ya hana shi ladansa. Hadisin Abu Zarri kuma ya hana a ɗora wa na ƙarƙashi abin da ya fi ƙarfinsa, in an ɗora to a taimake shi. Duk waɗannan muna koyar da su, yara na haddacewa, amma sai mu ɗauka da attajirai masu masana'antu ake.

Za a ce, ai shi ya yarda. Na'am, ya yarda, irin yardar mutumin da ya baro gida babu cefane, ya kuma san in ya ƙi akwai goma a bayansa. Za a ce rayuwa ta yi wa kowa tsada. Gaskiya ne, amma cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 bai tsallake shi ba, kasuwarku ɗaya. Da aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a 2024, mai zaman kansa ba ya cikin lissafin: ba albashi, ba fansho, ba hutun jinya, ranar da ya faɗo daga tsani ranar tukunyar gidansa ke sauka. Wanda ya fi ba ni haushi shi ne mai cewa gobara ƙaddara ce. A Bukhari da Muslim, daga Abu Musa, an ruwaito cewa wani gida ya ƙone da mutanensa da dare a Madina, da labari ya je wa Annabi, Sallallahu alaihi wa sallam, sai ya siffanta wuta da abokiyar gaba, ya yi umarni a riƙa kashe ta kafin barci. Bai ce a rungume hannu ba. Tamu wutar a cikin bango take kwana, ba ma iya hura mata iska ta mutu.

Ban wanke mai duba wutar ba. Ka ce gida lafiya lau alhali ba ka gwada ba shaidar zur ce, wadda Manzon Allah, yana kishingiɗe, ya tashi zaune yana ta maimaita gargaɗi a kanta. Akwai kuma waɗanda, da suka ga ba a biyan dubawa, suka koma ƙirƙiro matsalar da babu don su ci kuɗin gyara. Wannan ha'inci ne. Sai dai Suratul Muɗaffifin ta zargi mai cika mudu in zai karɓa, ya tauye in zai bayar, kuma a wannan ciniki mai biya ne ya fara tauyewa.

Wasu na ganin doka ce maganin abin. A Ingila, dokar 2020 ta wajabta wa masu ba da haya su sa ƙwararre ya duba wutar gida aƙalla sau ɗaya duk shekara biyar, a ba ɗan haya rahoton a rubuce cikin kwana 28. Amma ko a can masu sana'ar na kukan kamfanonin da ke cusa musu gidaje rututu a yini a kan kuɗi kaɗan. Mu ma muna da hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, mai tantance masu aikin wayarin tana ba su shaida. Takarda tana da amfani, sai dai ba ta ƙara wa yini awa.

Saboda haka ku nake nufi, ku da iyaye ke aika ku nemo mai gyara, ku da ke neman gidan da za ku ajiye amarya. Ku yi tsada da shi kafin ya buɗe jaka. Ku raba kuɗin dubawa da na gyara, don kada cin abincinsa ya rataya a kan samun matsala. Ku ba shi lokacinsa, ku nemi ya rubuta abin da ya gani ya sa hannu. Ku kuma tambayi dillali: gida nawa wanda ya duba wannan ya duba a ranar?

Na koma na gyara wa mutumin amsata. Na ce ya shaida wa dillalin cewa gida biyu zai iya a yini, kuma ga kuɗinsa. Waɗanda ya riga ya ce lafiya lau kuwa, ya bayyana cewa bai duba su ba. Ya je ya faɗa. Tun daga ranar dillalin bai sake kiransa ba, wani yaro ya samu mai karɓar ƙasa da haka. Kuɗin makarantar ɗansa na wannan zango har yanzu bai shigo ba, na roƙi shugaban makaranta a ɗaga masa ƙafa. Sauran gidaje shidan kuwa duk an tare a cikinsu.